Ƙofar da Yaya Habu Ya Bari a Buɗe

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Iddo da hantsi, ƙafafuna sun kumbura, farar rigata ta koma ruwan toka, abin da na sani kuma game da wanda na zo nema bai wuce kalma uku ba: Habu, baduku, Badauri. A zatona Ikko kamar garinmu ce, ka tari mutumin farko ka tambaye shi unguwar dukawa, ya nuna maka da baki. Sai daga baya na gane jirgin nan ya tsaya a Agege, kusa da shagon yayan nawa, ni kuwa ina zaune a kan ƙunshina ina shan rake, ina tausaya wa masu sauka don ba su kai Ikko ba.

Gidanmu gidan dukawa ne, kayan doki muke yi tun kaka da kakanni: linzami, ragama, majayi, rufin sirdi. Kowane gidan dukawa da shaidarsa. Tamu wani ɗan dagi ne da muke ɗinkawa da koren zaren fata a lungun da mahayi ba zai gani ba sai ya nema. Zaren yakan zaga, ya shiga ya fita, ya dawo inda ya faro, amma ba ma haɗe bakinsa. Mukan bar ɗan gurbi, mu kira shi ƙofa. Muddin wanda ya koya maka aiki yana da rai, dole ka bar masa ƙofa ya shigo ya gyara maka. Ranar da ya rasu kake rufewa, tunda ba sauran mai shigowa. Mu Baba ne ya koya mana, ni da Yaya Habu.

Yaya Habu ya fi ni hannu, ya kuma fi ni taurin kai. Lokacin da kekuna suka cika gari, dawaki suka fara ƙaranci, sai ya ɗinka wa wani malamin makaranta rufin sirdin keke, ya kuma sa masa dagin gidanmu. Baba ya gani a kasuwa. Bai yi wata-wata ba ya kwance sirdin daga jikin keken, mai keke na tsaye yana salati, ya saƙalo shi a hammata ya taho gida. Abin da ya faɗa wa Yaya Habu a ranar ba zan maimaita ba. Kafin kasuwa ta sake ci, Yaya ya bi jirgin shanu zuwa kurmi. Shekara goma da wani abu ba shi ba labarinsa, sai dai wani falken goro ya ce ya taɓa hango shi a Ikko.

Da daminar shekarar da na je Ikko Baba ya kwanta ciwon ajali. Ya kira ni, ya miƙo mini basillarsa, wadda ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannunsa, ya faɗa mini saƙo, ya sa na maimaita masa don kada na ƙara ko na rage. Bayan an yi sadakar arba'in Inna ta ce, "Sanda, da an yanke gero ka tafi. Ba zan aika wa ɗana mutuwar ubansa ta bakin direba ba." Abin da ya kai ni Ikko ke nan.

Mutumin farko da ya yi mini magana a tasha Bahaushe ne, da babbar riga fes da carbi a hannu.

"Ɗan'uwa, sannu da hanya. Daga ina?"

Na ce Daura. Ya yi kabbara kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Na ce Habu baduku nake nema.

"Wani dogo, mai ɗan gemu?"

Na ce lokacin da ya bar gida ba shi da gemu.

"To ai ya fito. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya. Kawo kayan, baƙo ba ya ɗaukar kaya ina tsaye."

Na miƙa masa, ina ta gode wa Allah da ya sauƙaƙa mini. Muka zo bakin titi. Shekarar ce aka mayar da tuƙi hannun dama, su kansu mutanen Ikko sai sun waiga sau biyu, balle ni. Shi ya kutsa cikin motoci ya haye. Ni na tsaya ina jiran su ƙare, ban san ba sa ƙarewa ba. Da na samu na tsallaka, babu shi babu dalilinsa. Bargona ya tafi, da kuka da daddawa da man shanun da Inna ta ɗaure wa ɗanta. Basillar ce kawai ta tsira, don a ƙuguna take, ɗaure tare da layuna.

A wani ƙaramin masallaci a Ebute Metta na yada zango, ba don na zaɓa ba, sai don a nan ƙafata ta ƙi tafiya. Bayan la'asar wani dattijo Bakano, Malam Garba, mai kai wa Turawa kayan fata har gidajensu, ya ga na zauna zuru ya tambaye ni. Da na ba shi labari ya yi dariya har da tari.

"Mai carbin nan? Ai shi maƙwabcin kowa ne. Ni ma ya taɓa zama maƙwabcin ƙanena."

Ya gama dariyarsa, ya ja ni gindin wata rumfa ya sa aka zubo mini teba da miya ja wur. Na yi loma na fara taunawa, mai abincin da 'yan matanta suka fashe da dariya. Malam Garba ya ce, "Haɗiye, ba a tauna ta." Na haɗiye, barkono ya biyo baya, hawaye ya zubo. Na ji daɗin barkonon nan, don ya ba ni dalilin da zan fake da shi.

Na zama mai ɗaukar wa Malam Garba ƙunshi. Da safe mu nufi Ikoyi, da yamma in zauna in gyara masa abin da ya ɓalle, jaka ko matashi ko takalmi. Ikko gari ne da fata ba ta son shi. Ka ajiye jaka lafiya lau, ka waiwayo ta yi fumfuna, iska kuma kullum kamar an jiƙa ta. Amma abin da ya fi damuna shi ne safiya. A gida haniniyar dokin da aka kawo gwaji take tashina, ko tarin Baba a zaure. A nan sai ƙahon mota. Wani lokaci in farka in kasa kunne ina jiran tarin, sannan in tuna.

Duk Juma'a sai in canza masallaci, in tsaya a bakin ƙofa ina duban fuskoki. Na je Obalende, na je Idi Araba. Habu dai ba a rasa shi ba: na ga Habu mai nama, Habu mai gadi, Habu mai goro, har da wani Habu da ya rantse shi ne yayana in dai da abin da aka aiko. Makonni suka tafi. Na fara shirya abin da zan faɗa wa Inna in na koma hannu biyu, kowace magana na shirya sai in ji ba za ta fita daga bakina ba.

Wata rana muka shiga gidan wani Bature da ke aikin jiragen ruwa, dogo, gashinsa kamar ɓawon masara. Malam Garba ya ce daga wata ƙasa yake can ƙarshen arewa, inda ruwa ke daskarewa. Baturen ya ɗaga wata ragama da na gyara, ya yi ta juya ta, ya tambayi wanda ya yi ɗinkin. Da aka nuna ni sai ya shiga ɗaki da sauri ya fito da wani ƙaton littafi mai hotuna. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ban taɓa ganin Bature ya yi ba. Malam Garba na fassarawa da ɗan Turancinsa. Wai kakanninsa ne, wasu mutane da ake kira Baikin ko wani suna mai kama da haka, mayaƙa, masu jiragen ruwa da dawaki. In babbansu ya mutu sai a binne shi da dokinsa da kayan dokin gaba ɗaya. Yanzu an tono, ga su nan.

Na duba. Likkafu ne na baƙin ƙarfe, an tsaga jikinsu an dasa zaren azurfa da jan ƙarfe a ciki, da ƙarafunan linzami masu zanen wasu macizai da suka sarƙe da juna, wannan ya ciji wutsiyar wancan. Raina ya yi fari. Ashe akwai mutanen da ba su san mu ba, ba mu san su ba, amma su ma ba su yarda doki ya fita tsirara ba. Na bi wani zane da farce, ya zaga, ya shiga ya fita, ya dawo, sai na ga bai haɗe ba. Na nuna masa. Ya ce tsatsa ce ta cinye wurin. Na gyaɗa kai, tunda kakanninsa ne, shi ya fi ni sani. Amma a raina na ce maƙerin nan ubansa na da rai lokacin da ya yi aikin.

Ban yi zaton abin zai taɓa ni haka ba. Na nemi izini na fita bayan gida in sha iska. A jikin bangon kicin an jingine keken kukun gidan, sirdinsa da rufin jar fata, ɗinkin kuwa a jere kamar haƙoran tsefe. Baduku ba ya ganin ɗinki ya wuce. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashi. Koren dagi ne, namu, ba ko tantama. Ƙofarsa kuma a buɗe.

Na durƙushe a wurin. Abu biyu suka zo mini tare: yayana na da rai, yana kusa, kuma bai sani ba. Kukun, wani mutumin Kalaba, ya fito da ludayi a hannu yana zaton satar keke zan yi. Da Malam Garba ya yi masa bayani sai ya sauke ludayin. Ya ce a Agege aka yi masa, kusa da kara, kasuwar shanu, wajen wani da ake kira Baba Sirdi. Ashe shi ya sa duk Habun da na tambaya ba a gane ba. Kukun ya koma ciki ya kawo mini ruwan sanyi da burodi.

Washegari Malam Garba ya raka ni har inda ake shiga danfo, motar hayar Ikko, ya cusa mini goro a aljihu, ya ce, "In ka ga wani maƙwabcinsa a hanya, ka riƙe ƙugunka."

Tun kafin in sauka a Agege hancina ya gaya mini na kusa gida: kashin shanu, hayaƙin tsire, ɗanyen goro. Hausa ta ko'ina, sai dai an yayyafa mata Yarabanci. Na ce Baba Sirdi, wata mai sayar da waina ta nuna mini da baki, kamar yadda na yi zato tun ranar farko. Shagon na langa-langa ne, an rataye sirdunan kekuna da na babura a bakinsa. A ciki wani mutum na zaune ya harɗe ƙafa, ya danne fata da babban yatsan ƙafarsa, kansa a karkace. Zaman Baba sak. Gemu kuwa ya fito, a nan dai mai carbi bai yi ƙarya ba.

Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba, ya ce, "Keke ko Basfa?"

Na ce, "Doki."

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi wurgi da fatar. "Sanda? Sanda mai majina?" Ya rungume ni har sai da ƙashina ya yi ƙara, yana ƙwala wa matarsa kira da Yarabanci.

Silifatu sunanta, Bayarabiya, gajera, mai fara'a, Hausarta a karye amma ba ta jin kunyar ta. Ba ta kama sunana ko sau ɗaya ba, don a wajensu mace ba ta kiran sunan ƙanen miji. Oko mi take ce mini, wato mijina. Ta dafa tuwon shinkafa don ni, ya yi ruwa, na cinye tas na ce ko a Daura sai haka.

Yaya Habu ya tambayi kowa. Inna, ƙannenmu mata, maƙwabta, kurnar ƙofar gida, har jakin liman mai cizo. Baba ne kaɗai bai tambaya ba. Sai ya zo daf da sunan ya kauce, ya ce yaya ruwan bana. Ni kuma na samu wurin ɓuya. Na ce sai ya ci abinci, ba a faɗa wa mai yunwa irin wannan. Da ya ci na ce sai ya yi salla. Da ya yi salla na ce gobe.

Da goben ta zo ya ja ni ɗaki, ya sauko da wani ƙunshi daga saman kabad, ya warware. Linzami ne cikakke, jar fata da baƙa, an yi masa ɗan goshi da tuntaye, kowane ɗinki a mazauninsa. A garin da sai ka je filin sukuwa kafin ka ga doki. Ya ce shekaru yake yinsa, in ya ga kuskure ya farke ya sake, duk damina ya sauko da shi ya goge fumfuna.

"Da hannuna zan kai masa," in ji shi. "In ya duba ya ga ban yar da aikin gida ba, shi ke nan. Saura kaɗan. Kada ka gaya masa, ka ji?"

Na ce na ji. Ban san yadda na fita daga ɗakin ba.

Silifatu ce ta gane. Ta same ni a bakin rijiya ina wanke fuskar da ba ta da datti, ta ce, "Oko mi, akwai kaya a bakinka. Ya yi nauyi, ka sauke." Na ce mata barkono ne. Ta dube ni, ta ɗauki bokitinta ta wuce, ranar kuma ba ta sa barkono a miya ba.

Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, duk wanda ya samu albashi sai ya sayi keke ko babur, aiki ya yi wa Yaya Habu yawa. Na zauna ina taya shi. Wata rana da hantsi ana yayyafi, mun baje fatu, kowa da sirdi a cinya, muna ta hirar yarinta. Ya tuno ranar da na hau dokin da aka kawo gwajin majayi ba a ɗaure ba, sirdi ya juya da ni na koma ƙarƙashin cikin doki ina kiran Inna. Muka yi dariya har Silifatu ta leƙo. Ina dariya hannuna na aiki. Na gama rufin, na juya shi, na ɗinka dagi, na ciji zare, na miƙa masa. Watanni ke nan ina rufe ƙofa, hannun ya riga ya saba, bai nemi shawarata ba.

Ya karɓa yana share hawayen dariya, ya juya don ya duba, kamar yadda babba ke duba aikin ƙarami.

"Kai, Sanda! Ka girma ke nan? Wa ya ba ka izinin rufe ƙofa? Wallahi da Baba ya ga wannan..."

Ya tsaya. Ya sake duban dagin. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai, ina jin yayyafi a kan langa-langa.

Can ya ce, "Yaushe?"

Na ce da damina, gero na fitar da kai. Ya yi innalillahi a hankali, ya maimaita, ya ajiye sirdin a gefe kamar mai gudun kada ya fashe. Silifatu ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da gyale. Na kwance ƙuguna na fito da basillar na ɗora masa a gwiwa. Ya gane ta tun kafin ya taɓa.

"Ya ambace ni?"

Na ce masa sirdin keken nan da Baba ya kwance a kasuwa bai yar ba. Ya ɗinka wa malamin makaranta wani da kansa, wancan kuwa a ƙarƙashin gadon Baba muka same shi, an shafa masa mai. Sannan na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba: "Ka kai wa Habu. Ka ce masa ɗinkin sirdin nan ya yi. Ƙofar ce ya bari da faɗi, ya rage ta."

Yaya Habu ya yi wani sauti, ban san dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. "Tsohon nan," in ji shi. "Tsohon nan! Har yanzu sai ya sami abin gyara."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da linzamin. Ya juya shi ya nemo dagin a bayan ɗan goshi, ya kawo shi kusa da idonsa, ya auna gurbin da farce.

"Gaskiyarsa," ya ce. "Ta yi faɗi."

Ya zura koren zare a basillar Baba. Silifatu ta riƙe masa fatar. Ya ƙara ɗinki kaɗan, ƙofar ta matse, saura ɗan gurbi kamar ƙwayar gero. Na zuba ido ina jiran ya ƙarasa. Sai ya ciji zaren.

Na ce, "Yaya, ba ka rufe ba."

Ya ce, "Wannan a bar masa. Bai gama dubawa ba."

Ya jawo sirdin da ke gabansa, na wani mai babur da ke jira a ƙarƙashin rumfa, ya ɗinka dagi, zaren ya zaga ya dawo inda ya faro, ya haɗe bakinsa. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya miƙa wa mai shi.

Tare muka hau jirgi zuwa gida, wannan karon daga Agege. Linzamin yana nan rataye a zauren gidanmu, daidai inda Baba ke zama. Ba a taɓa sa wa doki shi ba. Jikokinmu in sun fara riƙe basilla mukan sauko da shi mu nuna musu, kuma har yau ba wanda hannunsa ya kai ga ƙofar nan.